Akwatin da Yaya Sale Ya Ƙera Mini

Jama'a, kun ishe ni! Tun ranar da na dawo daga Gana ban sha ruwa da daɗi ba. In na shiga ofis, "Malama Hauwa, yaya Gana?" In na je suna Unguwar Shanu, "Wai da gaske ne kin sa Hajiya Ladi ta yi wa manyan malamai lacca?" Har mai kayan miyan bakin layinmu a Abakpa ya tare ni, wai ya ji an ce a boda an kama ni da tsafi. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, tun daga tashi har dawowa. Wanda ya sake tambayata, in miƙa masa takardar nan in yi gaba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malama ce a wata babbar makarantar koyon kasuwanci a nan Kaduna. Shekara bakwai cur ina koya wa 'yan mata buga tafireta, har in na kwanta ƙarar nake ji a kunnena. Ana nan sai aka kawo wa makarantar kwamfuta guda uku. Wallahi ranar da na fara taɓa ta na san na samu abin yi. Na shiga bincike a kan yadda ɗan kasuwa zai riƙa ajiye bayanin kayansa a cikinta, ya san me ke tafiya, me ya kwanta, me ya kusa ƙarewa, ba tare da ya dogara da ƙwaƙwalwarsa ba. Shagon da na yi aikin a kansa shi ne na Hajiya Ladi mai atamfa a babbar kasuwa, ƙawar marigayiya mahaifiyarmu. Shekara biyu, kowace Asabar ina can ina duba turame, kowane zane in ba shi lamba, in koma makaranta in shigar.

Sai ga labarin taron masana a Ankara, babban birnin Gana. Na aika musu da taƙaitaccen bayani ta gidan waya, suka ce in zo in nuna aikin a gaban jama'a. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce za a buɗe sabon kwas na sarrafa bayanan kasuwanci da kwamfuta, kuma wanda za a ba wa dole ya zama yana da takardar da aka buga a littafin irin wannan taro.

"In kin dawo da ita, ɗakin kwamfuta naki ne," in ji shi. "In kuwa yawon buɗe ido kika je, to tafiretocinki na nan, ba inda suka je."

Kun ji abin da na ɗauko a kaina.

Kwamfutocinmu na lokacin ba su da wurin ajiya a cikinsu. Duk abin da ka yi sai ka zuba shi a faifai, wani baƙin abu mai laushi, faɗinsa bai fi tafin hannun namiji ba. Aikina na shekara biyu yana kan faifai ɗaya, na kuma kwafe shi a na biyu saboda tsaro. Ban buga a takarda ba, don ribon ɗin tawadar injin bugawarmu ya bushe tun wata biyu, ana ta rubuta wasiƙar neman sabo. Na ce ba komai, in na isa can na buga.

Ana saura mako guda in tashi, yayana Sale ya zo gaishe mu. Yaya Sale maƙeri ne a Panteka, akwatunan ƙarfe yake yi da murhu da bokiti. Shi ya bar makaranta lokacin da mahaifinmu ya rasu, ni na ci gaba. Ya tarar ina naɗe faifan nan a ɗankwali.

"Kulu, mene ne wannan kike lallaɓawa haka?"

Ina sauri, hankalina na kan fasfo da katin allura. Na ce, "Wani abu ne na kwamfuta, Yaya, ba za ka gane ba. Shi dai ba ya son ƙura, ba ya son ruwa, ba ya son a lanƙwasa shi."

Ya ɗora yatsunsa ya auna tsawo da faɗi, ya sha ruwa, ya tafi. Bayan kwana uku sai ga shi da wani ɗan akwati. Kai, jama'a, kun ga kyau! Ya goge ƙarfen sai ƙyalli, ya shimfiɗa jan karan-miski a ciki, ya zana sunana a murfin. Babu kwaɗo, babu sakata, amma da ka saki murfin sai ka ji ƙwas, ya rufe kansa gam.

"Ko mota ta bi ta kansa, abin cikin ba zai ji ba," ya ce.

Na yi ta tsalle kamar yarinya. Na zuba faifai biyun duka a ciki, na saki murfi, ƙwas.

Maigidana da farko ya ce ina, ba zai bar ni in ƙetare ƙasa uku ni kaɗai ba. Da ya ji Hajiya Ladi za ta Lome sarin atamfa kamar yadda ta saba, kuma ta yarda ta raka ni har Ankara, sai ya ce to, in da Hajiya ne, 'yan bodar yake tausaya wa.

Daga tashar Mando muka tashi da sassafe a wata fijo doguwa. Ni jaka ɗaya gare ni da akwatina a cinya. Hajiya kuwa ta taho da kilishi, da dambun nama, da yaji a kwalba, da filas biyu, da buta, da tabarma, da wata tukunya da har yau ban san amfaninta ba. Kafin mu kai Birnin Gwari ta san sunan kowa a motar, ta san abin da ya fito da shi, ta kuma shirya wani magidanci da ke kan hanyar zuwa biko, ta tsara masa abin da zai faɗa wa surukai kalma bayan kalma. A Tegina taya ta fashe. Muka sauka, direba ya ce kowa ya ajiye kayansa a gefe, ni na ƙi sakin akwati.

"Ke Hauwa," in ji Hajiya, "ko haihuwar fari ba a riƙe ta haka. Ajiye ki ci nama."

"Hajiya, aikina ne gaba ɗaya a ciki."

"To Allah ya raya."

A gadar Jebba ta rufe ido tana ta salati da ƙarfi, muna haurewa ta buɗe ta tambayi direba ko nan ne ake sayar da busasshen kifi mai arha. Nan ne kuwa. Daga nan har Ikko da ni da akwatina da mayafina duk ƙarnin kifi muke. Mun sauka a Agege wurin mutanen Hajiya, inda in ka rufe ido sai ka rantse a Rigasa kake, Hausa ta ko'ina, har da mai waina a ƙofar gida.

Boda ta farko ba mu sha wuya ba, sai dai layi da rana. Amma muna shiga Kwatano na zama kurma kuma bebiya. Ni da digirina, da Turancina da nake taƙama da shi, ko ruwa na kasa saya. Hajiya da ba ta taɓa zama a aji ba, ita ce mai Faransanci. Kalmominta ba su fi biyar ba, amma da su ta samo mana mota, ta rage kuɗin, ta kuma yi wa yaron motar faɗa har ya ba ta haƙuri. Garin kuwa babura ne kamar ƙudaje, kuma mata ke tuƙa wasu! Na ga wata da goyo a baya, da kwandon abarba a ka, tana murza babur hankalinta kwance. Na ce, "Hajiya, dubi!" Ta ce, "Rufe baki, kar su gane baƙauyiya na kawo." Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawon da tauri, sai da na jiƙa shi a shayi kafin haƙorana suka shiga. Da rana ta take kuma sai kowa ya rufe shago ya tafi barci. A Kaduna ka rufe shago da azahar ka tafi barci, ai kafin ka dawo maƙwabcinka ya kwashe masu sayenka.

A Lome na ga Hajiya a gidanta. Muna shiga kasuwar zannuwa manyan mata masu jiki suka taso suna "Hajiya! Hajiya!" suna rungumarta. Tana tafe tana shafa turame da bayan hannu, ba ta ko tsayawa. "Wannan Ganyen Rogo ne, an sake masa launi. Wannan Mai Agogo, ba ya tafiya a wurinmu sai da Sallah. Wancan Idon Zakara, kar ki kalle shi, zuba yake." Ni ina biye ina cewa a raina, Allah sarki, duk wannan a ka, ranar da ta manta fa? Ai shi ya sa na yi aikina. Har wani tausayinta nake ji, don Allah ku ji ƙarfin hali.

Bodar shiga Gana a cikin garin take, a bakin teku, da ƙafa ake haurawa. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta duba takardunmu, ta ga na ƙanƙame abu a ƙirji, ta ce in ajiye a tebur ta gani. Na ajiye kusa da wani ɗan faranti da suke zuba allurai na maƙala takarda. Sai kawai na ga alluran sun motsa. Ɗaya ta taso ta manne a jikin akwatin, ta biyu ta biyo ta, kafin ka ce kwabo murfin ya yi gashi kamar bushiya. Matar ta yi baya tana ihu tana dariya, abokan aikinta suka taru, wani ya kawo makullinsa ya manna, ya tsaya cak. Hajiya ta riƙe ciki. "Kai, Sale ɗan albarka! Mayen ƙarfe ya sa, shi ya sa yake rufe kansa!"

Kowa na dariya ban da ni. Na ɗaga karan-miskin da farce, sai ga shi: maganaɗisu, irin zagayayyen nan na cikin lasifika, ɗaya a murfi, ɗaya a ƙasa, faifaina biyu a tsakiya. Abu na farko da muke koya wa ɗalibi shi ne kada ya kusantar da faifai ga maganaɗisu, don yana shafe duk abin da ke kai. Ni da hannuna na rubuta wannan gargaɗi na manna a bangon ɗakin kwamfuta. Ga shi na yi kwana bakwai ina rungume da shi, ina hana ƙuda sauka.

Na ciro faifai biyun na mayar da su ɗankwali, aikin gama ya gama. Ranar Asabar ce, taro sai Litinin, babu inda zan samu kwamfuta in gwada. A mota ina ta lallashin kaina, wataƙila ƙyallen ya tare, wataƙila ɗaya ya tsira. Ban gaya wa Hajiya ba.

Ana cikin haka motarmu ta tsaya a wani gari saboda taro ya cika hanya. Kiɗa na tashi, mata da maza sun sha ja da baƙi, ana ta rawa ana juyi, ga rumfuna ga kujeru ga abinci. Hajiya ta leƙa ta taga, abin ya burge ta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa tun ƙarfinta. "Ayyiriri! Allah ya ba da zaman lafiya! Ina amaryar?" Wani Bahaushen Gana da ke bayanmu ya dafa kujera ya ce, "Hajiya, jana'iza ne." Hajiya ta saki hanci a hankali. "Inna lillahi. Mutuwa? Da ganga?" Su kuwa mutanen sai ɗago mata hannu suke suna murna, wai baƙuwa ta girmama mamacinsu. Duk da abin da ke cina sai da na yi dariya har da hawaye. Mu a nan kafin la'asar an kai mutum an dawo an zauna shiru, su kuwa sai su ajiye shi makonni suna shirin biki.

A unguwar Nima muka sauka, gidan wata tsohuwa Mma Zainabu, wadda kakanta ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Sun san da zuwanmu, Hajiya ta aiko da saƙo tun wata guda. Amma sai da aka zaunar da mu, aka ba mu ruwa, mutanen gida suka bi layi suna gaishe mu daga dama zuwa hagu, sa'an nan tsohuwar ta gyara zama ta tambaye mu da girmamawa abin da ke tafe da mu. Wai haka al'adar take, ko ɗanka ne ya dawo daga kasuwa mai nisa sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Hajiya ta zayyana tafiyarmu tun daga Mando, har da tayar Tegina. Da aka zo kaina na ce na zo nuna aikina, ina faɗa ina tuna faifan da ke cikin ɗankwali.

Aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Na ɗiba da yawa don ban san shi ba. Wayyo Allah! Hawaye suka ɓalle, na samu abin fakewa, na yi kukana sosai. Mma Zainabu tana ta ba ni haƙuri tana cewa yajin ne, haka yake yi wa baƙi. Da safe kuma aka kawo shinkafa da wake ja-ja a cikin ganye, an ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai, duk a wuri guda. Na ce wannan haɗin ko a mafarki, amma sai da na nemi ƙari.

Ranar Litinin muka tafi jami'ar da ake taron. Hajiya ta ci ado da leshi da gwala-gwalai, ta ce za ta je ta ga wurin da ake tara mutane a biya su don su yi surutu. Nawa lokacin ƙarfe goma sha ɗaya ne. Tun tara na samu mai kula da injinan na roƙe shi ya bar ni in gwada. Na zura faifai na farko ina bisimilla. Injin ya yi gurnani, ya yi gurnani, ya ce bai ga komai ba. Na zura na biyu. Haka. Mutumin ya gwada a wata kwamfutar, ya hura, ya juya, ya dube ni ya girgiza kai.

Na fito baranda. Hajiya na zaune a benci tana ɓare gyaɗa. Na zube kusa da ita na gaya mata komai, na ce shi ke nan, shekara biyu ta tafi, ɗakin kwamfuta ya tafi, zan koma tafireta har in yi ritaya. Na ce mu tashi mu tafi tun kafin a kira sunana.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Wai me ke cikin faifan nan da kike ta yi wa kuka?"

"Shagonki ne, Hajiya. Duk zannuwanki, da wanda ke tafiya da wanda ba ya tafiya, da lokacin kowanne."

"Shagona?" Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "To ai ga ni. Ni aka goge?"

Na dube ta. Wallahi ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba.

Da aka kira ni na hau, ɗakin cike, sanyin na'ura na kaɗawa. Na ce musu na zo ne in nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan kasuwa tana mantuwa, kwamfuta ba ta mantuwa. Na ɗaga faifan na ce ga shi, babu ko harafi ɗaya a kai. Na ɗaga akwatin, na ari makullan dattijon farfesan da ke shugabantar zaman, na manna, suka tsaya suna lilo. Ɗakin ya fashe da dariya, har wani Bature yana buga tebur. Na ce to, tunda kwamfutar ta manta, ga mai shagon nan na zo da ita.

Hajiya ta taso tana taku ɗai-ɗai kamar uwar biki. Ba ta hau dandamali ba, cikin mutane ta shiga. Ta tsaya kan wata malama 'yar Gana, ta kama gefen zanenta ta murza.

"Gaya musu wannan Ganyen Rogo ne. Damina uku ke nan da fitowarsa. Da ya zo ba wanda ya kalle shi, sai da matan ma'aikata suka yi ankonsa, sa'an nan ya tashi. Shuɗin ke tafiya. Mai ruwan ƙasa yana nan turmi huɗu a ƙasan kanta ta hagu, sai mutanen ƙauye in sun sayar da gyaɗa."

Ina fassarawa, ina bugawa a kwamfutarsu, abin yana fitowa a allo kowa na gani. Matar ta yi ihu ta ce su ma a yarensu zanen yana da suna, ta faɗa, sauran matan suka amsa. Sai ga mata suna miƙewa, kowace na nuna nata a faɗa mata. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce wa wata, "Naki zuba yake, 'yata, kar ki haɗa shi da farin kaya." Na fassara, matar ta rufe fuska, ta ce gaskiya ne, ya ɓata wa mijinta riga biyu.

Ina cikin jin daɗi sai wani malami siriri ya ɗaga hannu. Ya ce yana so a tambayi Hajiya, a cikin shekara biyun nan, takardun da kwamfuta ke fitarwa ina kai mata, sun taimake ta? Ba yadda zan yi, na juya mata tambayar.

"Takardun nan masu huji a gefe?" in ji Hajiya. "Sun taimaka mana. Da su nake naɗe wa mutane ɗankwali."

"Hajiya!"

"Ke, faɗa musu yadda na faɗa. Lambobi ne zalla. Tunda nake ba a taɓa shigowa shagona an ce a ba ni lamba ɗari da sha biyu ba. Kuma yarinyar nan ba ta taɓa tambayata me nake so abin ya gaya mini ba. Zuwa take ta duba ta rubuta ta tafi. Na ce a raina aikin makarantarsu ne, kar in ɓata mata."

Jama'a, babu abin da ya kai ka fassara kunyarka da bakinka ciwo. Amma na fassara, ban rage ko kalma ba. Aka yi dariya. Dattijon farfesan ya cire tabarau ya ce shekara da shekaru ana kawo injina ana dasa wa kamfanoni da ofisoshi a ƙasashenmu, ana rufe su da ƙyalle suna shan ƙura, kuma yau ya ji dalilin a bakin mai atamfa. Ya ce in rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru, da abin da zan sake in da zan fara daga farko. In na kawo kafin a rufe taro ranar Alhamis, zai shiga littafi.

Kwamfutocin duk an kama su. Kun san da me na buga? Da tafireta! Wata tsohuwar tafireta na samu a ofishin sakatariyarsu, na zauna mata, yatsuna suka tuna shekara bakwai. Kafin la'asar ɗin Talata na gama shafi goma sha biyar ba kuskure ko ɗaya, sakatariyar na tsaye a kaina baki buɗe. Na sa sunan Hajiya a godiya. Ta ce in sa har da lambar shagonta, ko Allah zai kawo mai saye.

Dawowa ba ni da abin faɗa, barci na yi ta yi a kan turamen Hajiya. Na kai wa shugaban sashe wasiƙar da farfesa ya ba ni cewa takardata ta shiga littafi, ya karanta sau biyu, ya buɗe durowa ya miƙo mini makullin ɗakin kwamfuta. Na fito ina rawa a baranda, ɗalibai na kallona.

Saura Yaya Sale. Kwana uku ina jan ƙafa. Na shirya in ce masa akwati ya yi aiki, in ba shi tsarabarsa in taho, don me zan ɓata masa rai a kan abin da ya yi da zuciya ɗaya? Na manta cewa Hajiya ta riga ni isa kasuwa, kuma abin da Hajiya ta sani da safe, Panteka ta san shi kafin azahar.

Na same shi yana dukan ƙarfe. Ya ajiye guduma, muka gaisa, ya tambayi hanya. Na fara, "Yaya, akwatin nan ai..."

"Kin zo da faifan da ya mutu?"

Yana jakata. Na miƙa masa. Ya sa almakashi ya yanke baƙar rigar, ya zaro abin da ke ciki, ya ɗaga shi a rana yana juyawa, ya shafa da babban yatsa.

"Kulu, ai wannan zaren kaset ne aka yi shi da faɗi."

Haka ne kuwa.

"Duk Panteka babu wanda bai san ba a ɗora kaset a kan lasifika ba, waƙar guduwa take. Da kin ce mini kamar kaset yake, da na katako zan yi miki." Ya ajiye faifan a kan maƙera. Ba faɗa yake ba, muryarsa a kwance. "Na tambaye ki. Kika ce ba zan gane ba."

Duk dariyar da aka yi mini a Gana ba ta taɓa ni ba, amma wannan ta shige ni har ƙashi. Mutumin da ya ajiye allonsa da littafinsa don in riƙe nawa. Na durƙusa a cikin tarkacen ƙarfen nan da kayan ofis ɗina, ina kuka, na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Tashi, kar ki yanke." Ya shiga cikin rumfa ya fito da wani ɗan akwatin katako, an goge shi sumul, da 'yar sakata ta tagulla. Ashe tun shekaranjiya ya gama shi. Ya ɗora mini a hannu, ya jawo wani bokiti ya kife, ya kakkaɓe shi da hularsa.

"Zauna," ya ce. "Yanzu gaya mini yadda abin nan yake aiki. Fara daga farko, ba sauri nake ba."

Na zauna na fara. Har aka kira la'asar muna nan, kuma sau biyu yana yi mini tambayar da sai da na ce zan duba littafi in dawo.